Ciwon da Ba Ya Kumbura

Ni ma ina cikin waɗanda suka ce ƙarya take yi. Gara in faɗa tun yanzu, kada a ɗauka ni ce ta kirki a labarin nan.

Matar yayana ce. Amarya muke ce mata, ko da yake ta shekara goma sha huɗu a gidan, ita kaɗai, da 'ya'yanta mata biyu. Tela ce, kekenta yana lungun falo kusa da taga. Da mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, gidan Yaya aka kai ta, domin shi ne namiji, kuma shi ke da ɗakin da ba sai an hau bene ba. Ba wanda ya zauna da Amarya ya ce, "Ke za ki yi jinya." Gado kawai aka shigar, muka yi wa Mama sannu, kowa ya kama gabansa. Babbar yayarmu, Anti Babba, ta koma garin da take aure. Ni kuma, autar gidan, na koma ajina, don koyarwa nake yi a firamare.

Mama mace ce mai jiki. Sau shida, wani lokaci sau takwas a rana, sai an ɗaga ta: daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, a dawo da ita, a juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Amarya kuwa siririya ce, ƙugunta bai kai cinyar Mama ba.

Duk Asabar nake zuwa da ledar lemo da ayaba. Wata Asabar, jinyar tana cikin shekara ta biyu, na tarar da ita ta zura hannuwanta a ƙarƙashin hammatar Mama, idonta a rufe, tana cije leɓe. Da ta dire ta a kujera sai ta juya ta jingina goshinta da bango. Ta daɗe a haka.

Na ce, "Amarya, lafiya?"

Ta ce, "Auta, jikina ne. Kamar an kwana ana kirɓa ni."

"Ina ke ciwon?"

Ta nuna wuya. Ta nuna kafaɗu. Ta nuna ƙugu, da gwiwoyi, da bayan hannu, da tafin ƙafa.

Na yi dariya na ce, "To ki nuna min inda ba ya ciwo mana, ai zai fi sauƙi."

Ita ma ta yi murmushi. A lokacin tana iya yi.

Yaya kemis gare shi a bakin titi. Bai yi karatun likita ba, amma yana sa farar riga, 'yan unguwa suna ce masa Dakta, shi kuma yana amsawa. Da ya dawo cin abincin rana na ce masa ya duba matarsa. Ya ajiye cokali, ya kama damtsenta ya ɗan matsa. Ta yi ƙara ta fizge hannun.

Ya ce, "Taɓa ki fa kawai na yi."

Ta ce, "Wallahi kamar ƙusa ka soka min."

Ya dube ni ya girgiza kai. "Kin gani? Ciwo yana da alama, Auta. In ƙashi ne, a ga karaya. In gaɓa ce, a ga kumburi, a ji wurin ya yi zafi. Ina kumburin a nan?"

Ta ce, "A ciki nake jin sa. Yatsuna kamar an hura su. Ba na iya dunƙule hannu da safe."

Ya kama yatsanta, ya zare zoben da ke jiki. Zoben ya fita salin-alin. Ya ɗaga shi sama yana nuna min kamar ya kama ɓarawo da kaya a hannu.

"Yatsan da ya kumbura ke nan," in ji shi. Ya mayar mata da zoben, ya ci gaba da cin abincinsa.

Duk da haka ya kawo mata magani daga shago, irin na kumburi, fari da ja. Ta sha wata biyu. Ciwon bai gusa ba, sai cikinta da ya fara ƙuna. Aka ɗebi jininta sau uku. Aka yi hoton baya, aka yi na gwiwa. Komai ya fito lafiya lau. Yaya ya tara takardun a wata jakar roba, duk wanda ya zo duba Mama ya tambayi jikin Amarya, sai ya ɗauko ya baje masa a kan tebur.

"Karanta da kanka. Jininta ya fi nawa kyau."

Ita tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, tana ji.

Daga nan abin ya yi ta gaba. Ta ce tana kwanciya ta tashi kamar ba ta runtsa ba. Ta daina ɗaure zane da ƙarfi, don bakin zanen yana yanka mata ƙugu. Ruwan famfo in ya zubo mata a baya, ta ce kamar allurai. Ƙaramar 'yarta in ta dawo daga makaranta takan rugo ta rungume ta, sai Amarya ta fara tare ta da tafin hannu tana cewa, "A hankali, a hankali." Yarinyar ta daina rugowa.

Sai mantuwa ta biyo baya. Ta yanka hannun riga na dama sau biyu a yadin wata mata. Ta sa almakashi a firij. Tana cikin magana sai kalma ta ɓace mata, ta tsaya baki buɗe tana kallon mutum, kamar wadda ta shiga ɗaki ta manta abin da ya kai ta. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ta lulluɓe keken da tsohon zanen gado, aka fara ɗora masa jakunkunan makarantar yara.

Anti Babba takan bugo waya duk Lahadi, Yaya ya buɗe muryar kowa ya ji.

"Wai har yanzu ciwon ne? Ikon Allah. Mu da muka haihu shida, muka yi jinyar uwar miji da uban miji, ba mu mutu ba. Ciwon da bai san lokacin zuwa ba sai an ce a ɗaga tsohuwa. Ku dai ku sa ido. Wanda ya gaji da kaya ba ya rasa dalilin ajiyewa."

Na taɓa ce wa Yaya a nemo wata ta riƙa taimakawa, ko da rabin yini ne. Ya ɗaure fuska.

"Baƙuwa ta ga tsiraicin uwata, ina da mata a gida? Me za a ce da ni a unguwa?"

Ban sake tayar da zancen ba. Gaskiya ma, na ji daɗin amsar, don ta rufe maganar ba tare da ta biyo ta kaina ba.

Abin da ya fi ba mu ƙarfin gwiwa shi ne ranakun da take samun sauƙi. Ciwon yana da kwanakinsa. Wata rana ta kasa ɗaga buta, wata rana ta wanke labule. Na taɓa zuwa na same ta a ƙofar maƙwabciya suna hira, tana dariya har da riƙe ciki. Da yamma na ba Yaya labari, har da kwaikwayon dariyar. Shi kuma ya gaya wa Anti Babba. Washegari da Amarya ta ce bayanta ya riƙe, ya ce mata, "Jiya da kike ƙyaƙyata dariya a ƙofar mutane, ina kika ajiye bayan?"

Tun daga ranar ban ƙara ganin haƙoranta ba. Ko ta samu sauƙi, ɓoyewa take yi. Mu muka koya mata cewa duk ranar da ta ji dama-dama, shaida ce a kanta.

Yayarta ce ta matsa, har Yaya ya yarda ya kai ta babban asibiti wajen likitan gaɓoɓi. Sun tafi da sassafe, ni na zauna da Mama. Sau biyu kawai na ɗaga ta, na kira maƙwabciya ta kama min. Da suka dawo bayan azahar na tare su a ƙofa.

"Me likita ya ce?"

Yaya ya rataye makullin mota ya ce, "Abin da na faɗa tun farko. Ba komai. Gajiya ce da sa abu a rai."

Na dubi Amarya. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi mijinta, ta wuce ɗakin Mama. Ban bi ta ba. Ban ce a nuna min takarda ba. Na ɗauki jakata na tafi gida da zuciya wasai.

Bayan wannan ne Mama ta fara ƙin ruwa. In an miƙa mata kofi sai ta kau da kai. Shayin safe ma kurɓa biyu take yi ta ture. Leɓenta ya tsage, idonta ya faɗa. Na zauna a bakin gadon na ce, "Mama, ki sha mana."

Bakinta ya karkace tun da ciwon ya same ta, maganarta sai an kasa kunne. Ta ce, "Ba... ƙishi."

"Ya za a yi a ce ba ƙishi, ga zafin nan?"

Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna ƙofa, inda Amarya ta fita. "Yarinyar nan... hannunta... rawa."

Na tashi a fusace na sami Amarya a kicin. Na ce, "Kin ji abin da kika jawo? Mama tsoron hannunki take ji. Ta ce rawa yake yi. Tsohuwa ta gwammace ƙishi da ki ɗauke ta kina yatsina fuska. In kin gaji da uwarmu ki faɗa, ba sai kin kashe ta da ƙishi ba."

Tana riƙe da wuƙa da albasa. Ta ajiye su a hankali. Ta ce, "Auta, ni ma uwata ce."

Wata Laraba da hantsi abin ya faru. Yara suna makaranta, Yaya yana shago. Ta kai Mama banɗaki, ta gama yi mata wanka, ta zura hannu za ta ɗaga ta. Daga baya ta ce ba ta san lokacin da hannuwan suka saki ba, kawai ji ta yi babu su. Suka zube tare a kan tayil mai santsi. Amarya ta tare da hannun hagu don kada kan Mama ya bugi bakin masai, hannun ya lanƙwashe a ƙarƙashinsu. Ƙashin ƙugun Mama ya karye. Sun fi awa biyu a kwance cikin ruwan sabulu, tsohuwa a kan matar ɗanta, kafin maƙwabciya ta jiyo kira ta taga ta sa aka ɓalle ƙofa.

A barandar asibiti na same su. An shiga da Mama. Amarya tana zaune a benci, zanenta a jiƙe, ba wanda ya kula da ita. Wuyan hannunta ya haye, ya yi baƙi-baƙi, ya kusa kai kaurin gwiwa. Yaya yana kai da kawowa yana waya da Anti Babba. Da ya zo wucewa ta gabanta, ta ɗaga hannun da ɗaya hannun, ta nuna masa.

Ta ce, "Dakta, yau dai ga kumburi."

Ba da tsiwa ta faɗa ba. Na rantse har da wani ɗan sauƙi a muryarta, kamar ɗalibar da ta daɗe tana faɗuwa yau ta kawo amsa daidai. Amma Yaya ya tsaya cak.

"Uwata tana ciki da karaya, ke kina min ba'a? Ki tafi gidan yayarki. Kada in dawo in same ki."

Anti Babba tana ta cikin waya tana cewa, "Ai na faɗa! Ai na faɗa muku!" Ni kuma ina tsaye ina kallo. Amarya ita kaɗai ta je aka ɗaure mata hannun, ita kaɗai ta fita ta tari mota.

Da aka sallamo Mama na ɗauki hutu a makaranta na tare a gidan. Kwana uku ba a yi ba Yaya ya kawo mata biyu masu jinya, ɗaya ta safe ɗaya ta yamma. Zancen baƙuwa da tsiraici bai sake tasowa ba. Su biyun ma kullum cikin ƙorafi suke, wai tsohuwar ta yi nauyi, sai an kama musu. A kwana na huɗu bayana ya riƙe. Na faɗa wa Yaya sau ɗaya tak. Ya aiko min da man shafawa da ƙwayoyi, ya ce in kwanta in huta, kada in ƙara ɗaga komai. Bai ce in nuna masa kumburi ba.

Ina kwance a tabarma a ɗakin Mama, na ga ta karɓi kofi daga hannun mai jinya ta shanye tas, ta miƙa a ƙaro. Da matar ta fita na ce, "Mama, yanzu kuma kina sha?"

Ta daɗe tana haɗa kalmomin. A karon nan ban katse ta ba.

"In na sha... fitsari. In fitsari... sai ta ɗaga ni. Tana kuka... ba sauti. Ina ji... a wuyana." Ta taɓa gefen wuyanta, inda fuskar Amarya take kaiwa in ta rungumo ta. "Na ce... in rage mata."

Na tashi zaune. "Mama, ai cewa kika yi hannunta yana rawa."

"Na ce... ku taimake ta." Hawaye ya gangaro ta gefen idon da ba ya rufuwa sosai. "Ba ku... jira... na gama ba."

Bayan kwana biyu asibiti suka nemi tsohon katin Mama. Yaya ya ce in duba durowar ƙasa ta teburinsa a shago. Yana gaba yana sallamar masu sayen magani, ni ina ciki ina bincike. A ƙarƙashin wasu tsofaffin kalandu na ga ambulan mai tambarin babban asibiti, da sunan Amarya a baya. Ba ta cikin jakar robar da yake baje wa baƙi. Na buɗe.

Wasiƙar likitan gaɓoɓi ce, da wata 'yar takardar bayani a manne. An rubuta sunan ciwon da manyan baƙaƙe: faiburomayaljiya. Ban taɓa jin sa ba. Na zauna a kan kwalin magani na karanta bayanin. An ce ciwo ne na gaske, mai bin tsoka da jiki duka. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne suke ƙara masa ƙarfi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya, har taɓawa kaɗan ta zama azaba. An ce mai shi yakan ji kamar jikinsa ya kumbura alhali ido ba ya ganin komai, gwajin jini da hoto kuma su fito lafiya. An ce maganin kumburi ba kasafai yake yi masa aiki ba. An ambaci barcin da ba ya wartsakarwa, da mantuwa, da ranakun sauƙi da na tsanani. Kamar wani ya zauna a falonmu shekara guda yana rubuta abin da yake gani.

A ƙasan wasiƙar likitan ya ƙara da hannunsa: a rage mata aiki mai nauyi, kada ta ci gaba da ɗaga majinyaciya ita kaɗai, a dawo da ita bayan wata ɗaya a fara magani. Na duba kwanan wata. Wata tara ke nan.

Na jira har mai saye na ƙarshe ya fita. Na ajiye takardar a kan kanta, a gabansa.

"Yaya, ka karanta wannan?"

Ya dube ta, ya gyara wuyan farar rigarsa. "Na karanta."

"Ka ce mana likita ya ce ba komai."

"To ai ba komai ɗin ne. Suna ne kawai suke laƙaba wa abin da suka kasa ganowa. Ciwon da ba ya fita a jini, ba ya fita a hoto, ni ban san shi ba."

"Ya ce kada ta ɗaga Mama. Ga shi da hannunsa."

Ya ɗauki tsumma ya goge kantar da ba ta da ƙura. Da ya ɗago, muryarsa ta sauka.

"To da na nuna muku, sai me? Wa zai zo? Anti Babba za ta baro gidanta? Ke za ki bar ajinki? Ranar da muka dawo, ke kika tare ni a ƙofa. Na ce ba komai, kika ɗauki jakarki. Kin tambaye ni takarda? Kowa ya ji daɗin maganar nan, Auta. Ni dai na faɗe ta ne kawai."

Na so in zage shi. Na fasa, domin a cikin duk abin da ya faɗa shekara biyu, wannan ce kaɗai gaskiya.

Washegari na je gidan yayar Amarya. Matar ta buɗe min ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa, ba ta amsa gaisuwata ba, ta nuna min wani ɗaki a baya. Amarya tana kwance a katifa, da matashi tsakanin gwiwoyinta, hannunta a ɗaure. Ta rame har zoben nan ta mayar da shi babban yatsa.

Abin da ta fara tambaya shi ne, "Ya jikin Mama?"

Na ce da sauƙi. Na fito da takardar na ce, "Amarya, kin san da wannan?"

Ta ce, "Na ga likita ya ba shi ambulan. Da turanci suka yi ta magana, shi da Dakta, ban kama da yawa ba. Da za mu fito dai likitan ya dube ni ya ce, 'Ciwonki na gaske ne.' A mota na tuna wa yayanki. Ya ce haka suke gaya wa kowa don a tafi a ba su wuri."

Na karanta mata, ina fassarawa layi-layi. Ba ta motsa ba. Da na kai ƙarshe ta ce, "Sake."

Na sake. Da na zo wurin da aka ce mai shi yakan ji kumburi alhali ido ba ya gani, ta ce, "Tsaya. Wannan wurin. Sake shi."

Sau uku na karanta mata layin. Sai ta juya fuskarta bango.

Ta ce, "Kin san abin da ya fi ciwon ciwo? Na fara yarda da ku. Ina kwance jikina yana ci kamar wuta, ina tambayar kaina, anya ba ni nake ƙirƙira ba? Mutum nawa za su taru a kan ƙarya? Miji ya faɗa, jini ya faɗa, hoto ya faɗa. Na ce to wataƙila ni muguwa ce ban sani ba, wataƙila zuciyata ce ta gaji da tsohuwa take ɓuya a bayan ciwo. Auta, har istigfari na riƙa yi a kan ƙaryar da ban yi ba."

Na durƙusa a gefen katifar. Na kai hannu zan dafa ta, na tuna, na janye. Na ce, "Ki yafe min."

Ba ta juyo ba.

"Ki bari in huta tukuna. Yafiya ma aiki ce, ni kuwa ba ni da ƙarfi yanzu." Ta numfasa. "Amma ki yi min abu ɗaya. Ƙaramar 'yata ta bugo min jiya, ta ce babanta ya ce in na daina wasan kwaikwayo zan dawo. Ki je ki karanta musu wannan. Su dai kada su girma suna cewa uwarsu maƙaryaciya ce."

Na karanta musu a falo da yamma, bayan sun dawo daga makaranta. Yaya yana zaune, bai hana ni ba, bai kuma ɗago kai ba. Ƙaramar ba ta gane duka ba. Babbar, mai shekara goma sha uku, ta saurara har ƙarshe. Ta tambayi kwanan watan da ke jikin takardar, na faɗa mata. Ta ƙirga da yatsunta. Ta dubi babanta, ta tashi ta shiga ɗaki.

Amarya ba ta dawo ba. Yaya ya aika sau biyu, yayarta ta ce a gaya masa jininta lafiya lau, ba ta bukatar mai kemis. Tana zuwa asibiti yanzu, an sa ta a magani da ɗan motsa jiki. Ciwon bai tafi ba, an ce ba ya tafiya gaba ɗaya, amma an kai mata kekenta, wata rana takan yi ɗinkin awa guda. Mama ta rasu bayan wata biyar. Har ta bar duniya, duk wadda ta zura hannu za ta ɗaga ta, sai ta ce, "Sannu, 'yata," da sunan wadda ba ta nan. Anti Babba ta ce ai kowa da ƙaddararsa, kuma ita daga nesa take, abin da aka gaya mata shi ta sani. Yaya har yau yana sa farar riga.

Ba mu doke ta ba. Ba mu hana ta abinci ko sutura ba. In aka kai mu gaban kowane mai shari'a, ba abin da zai kama mu da shi. Abin da muka yi kawai, mace ta ce tana jin ciwo, muka duba muka ga in mun yarda aiki zai dawo kanmu, sai muka ce ta kawo shaida. Irin wannan zalunci ba ya barin tabo, shi ya sa gidaje da yawa suke yin sa da hannu a wanke. Kuma ba ya tsayawa a kan wadda aka yi wa.

Watan jiya na biya gidan da rana. Na sami babbar 'yar a ɗakinsu, ta ƙudundune a bayan ƙofa da kayan makaranta a jikinta. Na taɓa goshinta, kamar garwashi. Ƙanwarta ta ce kwana uku ke nan tana fama da ciwon kai da amai, ta hana a faɗa.

Na ce, "Ke kuwa me ya sa? Babanki yana da shago cike da magani, ba ki gaya masa ba?"

Ta ɗago jajayen idanunta ta dube ni.

Ta ce, "Anti, ina jira ne ya fito inda za a gani."